Karatun da na raina, na kira shi koyon girki

A makon jiya 'yar ƙanwata ta zo gidana a nan Daura da takardar samun gurbin karatu, fuskarta a murtuke. An ba ta fannin kimiyyar abinci mai gina jiki alhali likitanci take so, sai ta ce, "Kawu, gara in sake zana JAMB da in tafi kwaleji koyon girki." Na yi shiru, domin maganar da na faɗa wa mahaifina ke nan, Allah ya jiƙansa, shekaru fiye da 20 da suka wuce.

Ni ma fannin nan aka ba ni na ƙi, na zauna shekara uku ina maimaita jarrabawa ina jiran likitancin da bai zo ba, daga ƙarshe na karanci aikin jami'in lafiya a matakin farko. Ba zan ɗora wa kaina laifin duka ba, saboda babu wanda ya zaunar da mu ya ce a fannin ana karanta yadda hanta da ƙoda suke sarrafa abin da mutum ya ci, da yadda ake tsara cimar mai ciwon sukari ko hawan jini, kuma namijin da ya ce abinci zai karanta abin dariya yake zama a majalisa. Amma ni ma ban tambaya ba, girman kai ne ya hana ni.

Na gane abin da na rasa ne ranar da wata uwa ta kawo ɗanta mai shekara biyu asibitin ƙauyen da nake aiki, ƙafafunsa a kumbure, gashinsa ya yi ja. Na auna shi na ga nauyinsa bai faɗi sosai ba, na rubuta maganin tsutsar ciki, na ce a yawaita masa nama da ƙwai. Wata matashiyar ma'aikaciya da ta karanci fannin da na raina ce ta danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na daƙiƙa uku, wurin ya lotsa bai dawo ba, ta ce tamowa ce mai tsanani, ruwan kumburi ne ya ɓoye ramar. Ita ta fahimtar da ni cewa irin wannan yaron da ya ƙi cin abinci kwantar da shi ake yi, a fara da madarar jinyar tamowa da ake kira F-75 kaɗan-kaɗan domin jikinsa ba zai ɗauki abinci mai nauyi farat ɗaya ba, sai ya farfaɗo a koma ga haɗin gyaɗan nan na leda. Na san igiyar auna damtse, na san ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, an ma taɓa koya mana batun kumburin, amma hadda na yi don cin jarrabawa. Yaron ya rayu, ba da hikimata ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ku masu neman gurbin karatu, sai na ga biyu ne kawai. Idan an ba ku gurbin, ku karɓa. A jiharmu ta Katsina da ƙungiyar likitoci ta MSF take jinyar yara masu tamowa tun 2021, kuma gadaje suke cika duk damina kafin girbi, raina wannan ilimi wauta ce, sai dai ku yaran yanzu farar riga kuke so don ɗaukar hoto a Facebook, ba ku tambayar me ake karantawa. Na biyu, kada ku shige shi da niyyar mayar da shi tsanin hawa likitanci, domin mai ido a ƙofa ba ya koyon komai, kuma ban ce albashi yana jiranku ba. Duk da haka ita yarinyar na ce mata ta shiga ko da rabin zuciya ne, ta ci gaba da zana JAMB ɗin idan ta ga dama.

Ta ce za ta yi tunani, idonta yana kan waya. Da ta fita na kira mahaifiyarta na ce kuɗin rajistar suna wuyana.