Hasashen ƙasa daban, zaɓen kamfani daban

Tambaya biyu mutane ke zuwa da su ofis ɗinmu kuma kullum a haɗe suke yin su kamar abu ɗaya ne, wai ya kake ganin ƙasar nan za ta kasance baɗi, sannan wane kamfani zan saya. Ina aiki a wani ƙaramin kamfanin dillalan hannun jari a Kano, ni ne mai cike wa mutane fom, in buɗe musu asusun CSCS inda ake ajiye hannun jarin mutum a kwamfuta, in bi musu ribar da ta maƙale wajen rajistara, wato masu riƙe da sunayen masu hannun jarin kamfani, to ka ga duk wanda ya shigo sai ya zauna gabana kafin ya ga manya, kuma kowa da ra'ayinsa kan tattalin arziki, wallahi har wanda bai taɓa buɗe rahoton kamfani ko sau ɗaya ba.

Abin da zaman teburin nan ya nuna min shi ne mutum zai iya canka daidai kan inda ƙasa ta dosa amma ya sha ƙasa a zaɓen kamfani. 2023 ce ta fi fito min da wannan fili. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, bayan an cire tallafin fetur, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati kafin a shiga tsakiyar 2024 ta haura 1,400. Kowa a majalisa ya ce ƙasa ta shiga uku, kuma gaskiya suka faɗa, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. To masu wannan ra'ayi da yawa sai suka ce tunda haka ne bari mu fake a kamfanonin da ba a iya rayuwa sai da su, waya da abinci, ai ko ana yunwa sai an sa kati an sayi Maggi. Hankali ya ɗauka ko? Amma MTN Najeriya ta bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, Nestle mai yin Maggi ta yi asarar wajen biliyan 79, ba don mutane sun daina kira ko sun daina sa Maggi a miya ba, ciniki ma ƙaruwa ya yi, bashin dala ne da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da dala suka kumbura a littafinsu dare ɗaya. Su kuma bankuna da ake cewa su za su fara durƙushewa, su ne suka kwashi garaɓasa saboda suna riƙe da kadarorin dala, Zenith kaɗai ribarta ta wuce biliyan 670 a shekarar. Kamfanonin manja na jihar Edo, Okomu da Presco, su ma kakarsu ta yanke saƙa don manjan waje ya yi tsada. Kasuwar gaba ɗaya ta tashi da kusan kashi 46 a 2023, a Janairun 2024 ma'auninta, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannun jari gaba ɗaya, ya tsallake 100,000 karo na farko, a daidai lokacin da magidanci ke auna shinkafa da gwangwani.

Tun daga nan in mutum ya fara min dogon bayani kan gwamnati da IMF nakan bar shi ya gama, sai in ce ranka ya daɗe kamfanin da kake so ɗin, dala yake samu ko dala ake bin sa? Yawanci shiru ne ke biyo baya. Kuma amsar ba ɓoyayya ba ce, tana cikin rahoton da kamfani ke fitarwa duk wata uku a shafin NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, kyauta, matsalar dai shafuka ne masu yawa da ƙananan lambobi, mutane sun fi son saƙon murya na minti biyu a guruf ɗin WhatsApp inda wani zai ce "ku shiga yanzu, zai tashi".

Dattawan da suka ga faɗuwar kasuwa a 2008 su nasu karatun daban ne, kuma a wajensu na koyi abin da ba a koya mana a kwas ba. Za ka ga tsoho ya zo da leda baƙa, ya kwance ta a hankali, ciki satifiket ne na hannun jari sun yi ja saboda daɗewa, wasu har da alamar jiƙewa, ya ce "ɗana duba min waɗannan ko akwai mai rai a ciki". Sai in ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wannan bankin an haɗe shi da wani, wannan babu shi kwata-kwata, wannan kamfanin an cire shi daga kasuwa. Wani sa'in a ƙasan ledar sai ka tarar da guda ɗaya da ya saya ba da wani zumuɗi ba, shi ne ke ta tara masa riba shekara da shekaru bai sani ba saboda ya canza gida takardar ba ta isa gare shi. In na ce Baba wannan akwai kuɗi a ciki, mu cike fom ɗin e-dividend, na tura riba kai tsaye asusun banki, a haɗa da BVN ɗinka, kallon da zai min kamar bai yarda ba.

Su waɗannan sun shiga ne lokacin da Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) na wancan lokaci, ya ce kowane banki ya kai jarinsa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25, aka riƙa tallar hannun jari a rediyo da cikin bankin kansa, har banki ya ba ka bashi ka sayi hannun jarinsa. A lokacin hasashen kowa mai kyau ne, ƙasashen da ke bin mu bashi, Paris Club, sun yafe mana kaso mai yawa na bashin, ɗanyen mai na tsada, kuma ba ƙarya a ciki. Ma'aunin kasuwa ya kai wajen 66,000 a Maris 2008, kafin shekara ta zagayo ya dawo kusan 20,000. Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan CBN ya sauke shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, 2011 kuma aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Abin da ke ɗaure min kai har yanzu, wancan ma'auni na 2008 bai sake ganin 66,000 ba sai Agustan 2023, shekara goma sha biyar, kuma a Maris 2008 dala ba ta kai naira 120 ba. Don haka in na ji saurayi yana cewa hannun jari ai in ka riƙe dole ya dawo, nakan ce ya dawo a wace naira?

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu nan musamman, maganar halal. Da yawan masu zuwa wajenmu ba sa taɓa bankin ruwa ko kamfanin giya, kuma ina girmama hakan, akwai ma ma'aunin Lotus na Musulunci a NGX da ke tace irin waɗannan, ga Jaiz da ta shiga kasuwa a 2017, ga sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara a shekarar. Sai dai wanda ya ɗauki wannan hanya ya sani kwandonsa zai ƙanƙance, zai koma siminti da waya da sukari da manja, kuma shekarar da bankuna suka ja kasuwa sama shi ba zai ga irin wannan tashin ba, kada ya zo yana cewa dillali ya cuce shi. Shi ma ɗin dole ya duba bashin kamfanin, don kamfani na iya sayar da abu halal tsantsa amma bashin ruwa ya yi masa katutu.

Da CBN ta sake cewa a 2024 manyan bankuna su kai jarinsu biliyan 500, tallar ta dawo, wannan karon a waya, da manhaja kake saya kana kwance. Ban ce 2008 ce za ta maimaita ba, ban ma yarda da masu rantsuwa kan hakan ba, ni dai tambayoyina ba su canza ba. Kafin in miƙa wa mutum fom nakan tambaye shi kuɗin nan yaushe za ka buƙace su. Wata Hajiya ta ce min na kujerar Makka ne take so su ɗan ƙaru kafin a buɗe biya, na ce Hajiya don Allah ki mayar da su inda suke, wata shida ba lokacin kasuwar nan ba ne, in kin dawo lafiya ki kawo abin da ya yi saura. Ogana bai ji daɗi ba da na faɗa masa, don kwamishon ɗinmu a ciniki yake.