Safar hannu irin ta jami'an tsaro

Tun da na fara sa irin wannan safa wajen aiki da igiya da ƙarafa, abin da nake fara dubawa shi ne ta zauna daram a hannu. In ta yi yawa, yatsu sai su riƙa yawo a ciki, ɗaure igiya ma ya gagara. In ta matse, hannu ya gaji da wuri. Ku auna kewayen tafin hannu, ban da babban yatsa, kafin ku saya.

Sai alamar EN 388 da ke jikinta, wato ma'aunin Turai na gwada ƙarfin safar hannu. Lambobinta huɗu na nuna juriyar gogewa, yanka, yagewa da huda. Tun 2016 aka ƙara harafi daga A zuwa F na juriyar yanka, mai harafin P kuwa an gwada ta da bugu. Amma fa safar da ke tare wuƙa ba lallai ta tare allura ba.

Wuta ce ta fi damuna. Nailan da foliyesta narkewa suke yi su manne wa fata. Duk mai aiki kusa da wuta, don Allah ya nemi ta Nomex ko Kevlar, wato zaruruwa masu jure wuta da ba sa narkewa.