Yadda na gano abin da ke sa tsohuwar motata yawo a kan titi

Motata Peugeot 406 ce, na saye ta a hannu, kuma injinta lafiya lau har yau. Abin da ya dame ni a bazarar da ta wuce sitiyari ne. A cikin gari, tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Ƙofar Nasarawa, inda cunkoso ba ya barin mutum ya yi gudu, ba na jin komai. Amma da na hau Titin Zariya na wuce Na'ibawa, allura ta kai 80, sai motar ta fara leƙa dama, in dawo da ita, ta leƙa hagu. Hannuna ba ya hutawa, idan tirela ta gifta kuwa sai na damƙe sitiyari da hannu biyu. Motar da ke ɗaukar iyali ba a wasa da irin wannan a jikinta.

Duk wanda na gaya wa, amsarsa ɗaya ce: a je a yi alaimen, wato a daidaita saitin tayoyi da na'ura. Wani dattijon bakaniken ƙafa da ke wajen Ƙofar Ruwa ne kaɗai ya bambanta. Ya ce, "Alhaji, ja take yi, ko yawo, ko karkarwa?" Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Ya ce sam. Mai ja gefe guda take nufa kullum. Mai yawo ba ta da alƙibla. Mai karkarwa kuwa, wadda sitiyarinta ke rawa tsakanin 80 da 100, yawanci balansin taya ne ya ɓaci, wato nauyinta bai daidaita a kewayen wili ba. Ya ce alaimen a kan ƙafar da ta saki ɗinki ne a kan ruɓaɓɓen yadi, don haka in fara da abin da ba ya cin kuɗi.

Na fita da sassafe na samu miƙaƙƙen wuri a hanyar Bayifas, na sassauta riƙo ba tare da na saki ba. Sai na ga cuta biyu ce ta haɗu: tana yawo, kuma tana ja hagu. Jan hagun ya fi ɗaukar hankalina. Tun 1972 hannun dama muke tuƙi a Najeriya, kuma ana ɗan karkata titi zuwa bakinsa don ruwan sama ya gangare, saboda haka ɗan zamewa dama kaɗan-kaɗan ba laifin mota ba ne. Tawa hagu take yi, tana hawa gangaren, wato dalilin yana jikinta.

Iska na fara aunawa. Na sayi ƙaramin geji na kaina, na auna kafin rana ta fito, motar ba ta motsa ba tun dare. A ma'aunin iska na PSI, tayar gaba ta hagu 28, ta dama 45, na baya duk sun haura 40. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma a yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 yake. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a bugo mata ba. Masu faci da yawa suna cika taya tam da kyakkyawar niyya, suna ganin haka za ta fi ɗaukar kaya, wasu kuma gejinsu ya daɗe da daina faɗar gaskiya. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kawai ke taka kwalta, sitiyari ya yi sakayau, motar ta riƙa zabura da kowane ɗan tudu. Mai ƙarancin iska kuma tana jan mota zuwa gefenta. A zafin Afrilu na Kano, da ake haura digiri 40, iska tana ƙaruwa da kanta idan taya ta ɗau zafi, don haka ba a sauke iska bayan doguwar tafiya. A bari ta huce tukuna.

Daidaita iska kawai ya rage yawon sosai. Jan hagu dai bai tafi ba.

Daga nan Baba ya sa yaronsa ya musanya tayoyin gaba, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Wannan gwajin ya fi komai burge ni, domin ba a sayi ko noti ba. Na sake hawa titi, sai motar ta koma ja dama. Da alaimen ne ko ƙafa, da jan bai bi tayar ba. Sai dai a lura, akwai taya mai kibiya a gefenta da ke nuna inda za ta juya, irin wannan idan an musanya don gwaji dole a mayar da ita.

Muka cire tayar da jan ya bi muka duba ta da kyau. Zanenta bai suɗe ba, duk wanda ya kalle ta zai ce sabuwa ce. Amma da aka juya ta a hankali, na ɗora tafin hannu, sai na ji wani wuri ya ɗan kumbura: wayoyin ciki sun fara rabuwa da roba. Lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne 1914, ma'ana mako na 19 na shekarar 2014. Ga kuma hoton dutse mai tsini uku da ƙanƙara a cikinsa, alamar tayar hunturun Turai. Robar irin wannan taushi gare ta, don sanyi aka yi ta, a kan kwaltarmu mai zafi sai ta riƙa lanƙwasa, sitiyari ya yi jinkirin amsawa. 'Yar uwarta ta gaba kuma ta wani kamfani ce daban, ta lokacin zafi. Girman ɗaya, 195/65 R15, hali ya sha bamban.

Ba na zargin mai sayen tayar Beljiyam, na san tsadar sabuwa da halin da ake ciki. Abin da nake roƙo shi ne a karanta gefen tayar kafin a biya, kada a tsaya ga kyan zane. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta sha gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, manyan kamfanonin taya kuma suna cewa ko ba a taɓa hawa ba, kada ta wuce shekara 10. Zurfin zane idan ya sauka zuwa milimita 1.6, daidai da 'yan tudun da ke cikin kwarin zanen, ta gama aiki.

Na sayi sababbi biyu iri ɗaya. Aka ɗaura su a baya, na bayan da suke iri ɗaya kuma masu lafiya suka dawo gaba, domin idan baya ya suɓuce a ruwan damina ya fi wuyar kamawa. Aka yi wa duka huɗun balansin. Ja ya ƙare.

Sauran ɗan yawon da ya rage a ƙafa yake. An ɗaga motar da jak, Baba ya kama tayar dama ta gefe da gefe ya girgiza, muka ji ƙwas-ƙwas. Tayirod na ciki, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, shi ne ya yi wasa. Robar da ke rufe shi ta yage, ƙurar hunturu da ruwan damina suka shiga suka cinye giris. Ya kama ta sama da ƙasa, shiru, wato boljoyin (mahaɗin ƙafa mai kan ƙwallo) da boris (abin da taya ke juyawa a kansa) lafiya. Ya sa ƙarfe ya ɓanɓari bushin lowa-am, wato robobin da ke mahaɗin hannun ƙasa mai riƙe taya da jikin mota, aka ga ɗaya ya tsattsage. Bai tsaya a gaba ba, ya shiga ƙarƙashin baya, domin ƙafar bayan 406 hannuwa da yawa gare ta, kuma bushi ɗaya idan ya mutu a can, bayan motar ne zai riƙa juya ta, direba yana ta zargin sitiyari. Na bayan ba su da matsala. Da aka sa sabon bushi, bai ɗaure notin gaba ɗaya ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta, don kada robar ta zauna a murɗe ta mutu da wuri. A nan na gane bambancin wanda ya san aiki da mai canza kaya kawai.

Sai a lokacin muka je alaimen. Na'ura ta nuna bakin tayoyin gaba ya buɗe waje, abin da ke sa mota zabura hagu da dama, kuma ya ci gefen taya ta ciki. Na tsaya a kai aka duba na baya ma, aka kuma daidaita sitiyari a tsakiya kafin a ɗaure.

Yanzu motar tana miƙewa. Wurin da har yanzu nake jin tana ɗan bin titi shi ne inda manyan motoci suka yi wa kwalta kwari, wannan kuwa ba na mota ba ne. Wani ya ba ni shawarar in sa manyan wili da faffaɗar taya don ta ƙara zama, na ƙi, domin faffaɗar taya ta fi bin irin wannan kwarin. Na tsaya a kan 195 ɗin da aka rubuta a ƙofa.