Yadda na kwashe fayilolina daga faifan ajiya da ya fara mutuwa

Faifan ajiyar da nake jonawa da laftof ɗina ta kebul, wanda masu gyara ke kira ekstanal, ya zame daga kan tebur wata ranar Asabar yana tsakiyar aiki. Tazarar ba ta wuce kamu biyu ba, kuma a kan darduma ya sauka, don haka na ɗauke shi na mayar wurinsa ban kawo komai a raina ba. Mai terabayit 1 ne, kuma a cikinsa na tara hotunan iyali na shekaru da takardun aiki, da kuma muryar kakata, Allah ya jiƙanta, wadda na naɗa tana ba da tarihin gidanmu. Babu kwafin ko ɗaya daga cikinsu a wani wuri.

Bayan kwana biyu sai folda ta fara ɗaukar minti guda kafin ta buɗe, kwafin fayil kuma ya riƙa tsayawa a tsakiya, daga ƙarshe Windows ta ce sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi. Fomat dai ban yarda na yi ba, amma na yi wani kuskuren da bai gaza shi da yawa ba, wato na saki chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai, a kansa na bar shi yana aiki tun bayan la'asar. Da ƙanena, wanda ya karanci kimiyyar kwamfuta, ya shigo bayan isha'i ya ga abin da ke kan allo, bai ko zauna ba ya ce, "Yaya, don Allah dakatar da wannan, ka zare kebul ɗin. Ai marar lafiya kake sa wa gudu."

Sai daga baya na fahimci abin da yake nufi. A cikin akwatin akwai farantai masu maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin ƙananan faifan irin nawa, kuma allurar da ke karantawa da rubutawa ba ta taɓa farantin, shawagi take yi a samansa da tazarar da gashin kai ya fi ta kauri sau dubbai. Idan faifan ya bugu yana juyawa, allurar kan goge fuskar farantin, ɓurɓushin da ta kankaro kuma ya ci gaba da yawo a ciki yana lalata wasu wuraren. Saboda haka duk mintin da irin wannan faifai ya yi a kunne, daga ragowar kwanansa ake cirewa. Shi kuwa chkdsk aikinsa daidaita tsarin fayiloli ne, yana rubutu a kan faifan da yake dubawa, kuma abin da ya kasa gane mazauninsa yakan yanke shi ya jefa a folda mai suna found.000. A kan lafiyayyen faifai wannan gyara ne, a kan wanda ya ji rauni kuwa ɓarna ce.

Washegari muka fara da abu mafi sauƙi, muka canza kebul, muka kuma jona shi kai tsaye a ramin USB 3.0, domin tsohon ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, sabon kuwa 900, kuma ƙarancin wuta kaɗai kan sa faifai ya yi kamar ya lalace. Bai canza komai ba. Sai muka duba bayanan lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa, waɗanda ake kira SMART, da manhajar CrystalDiskInfo. Layi na 5 yana ƙirga gurabun ajiyar bayanai da suka lalace aka musanya su da na ajiya, layi na 197 kuma yana ƙirga waɗanda aka kasa karantawa ake jiran hukuncinsu. Na 197 ɗin ƙaruwa yake yi muna kallo, nan take muka kashe shi.

Shawarar ƙanena ita ce kada a sake neman gyara komai, a fara ɗauko hoton faifan gaba ɗayansa, wato cikakken kwafinsa, gurbi bayan gurbi, zuwa wani lafiyayye, sannan duk wani gwaji a yi shi a kan hoton. Wannan ya tilasta mini sayen sabon faifai mai terabayit 2, tunda hoton kan kai girman faifan duka ko da rabinsa babu komai. Muka tayar da laftof ɗin daga filashi da Linux, wato wata manhajar tafiyar da kwamfuta irin Windows, muka yi amfani da GNU ddrescue, manhajar kyauta da Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Abin da ya bambanta ta da kwafin da muka saba shi ne ba ta nacewa a inda ta ci karo da matsala. Idan ta iso wurin da ya lalace sai ta tsallake ta ci gaba da kwashe mai kyau, kamar mai tsame kaya daga ɗakin da ya kama da wuta, wanda zai fara da abin da hannunsa ya kai kafin ya koma kan wanda ya maƙale. Sai ta gama zagayen farko take dawowa ta matso gefen kowane rauni daga gaba da baya, sannan ta bi abin da ya rage gurbi ɗaya-ɗaya. Mun sa mata alamar -n a karon farko domin ta jinkirta wannan mataki na ƙarshe, wanda shi ya fi wahalar da allura. Kafin ya danna, ƙanena ya karanta sunayen faifan biyu sau uku da babbar murya, domin wanda ya juya su zai shafe abin da yake son ceto da hannunsa.

Abin da na fi yaba mata shi ne ɗan fayil ɗin taswira da take rubutawa tana tafiya, inda take nuna abin da aka kwafa da abin da aka tsallake. Lafiyayyen faifai mai wannan girma kan kwafu cikin awa uku ko huɗu, namu kuwa ya shiga kwana na uku, kuma a dare na biyu aka ɗauke wuta har batirin laftof ya ƙare muna barci. Na tashi da asuba gabana yana faɗuwa, amma da muka sake ba da umarnin tare da taswirar, daga inda ta tsaya ta ɗora.

Da hoton ya kammala muka ajiye tsohon faifan gefe, muka buɗe hoton da TestDisk, wadda Christophe Grenier ya rubuta. Ta nuna mana yawancin foldoji da sunayensu, muka kwashe su. Wasu foldojin hotuna sun ɓace daga jerin, sai muka koma ga 'yar'uwarta PhotoRec, wadda ba ruwanta da jerin sunaye, tana gane fayil ne daga alamar da ke farkonsa. Ta fito da hotunan, amma da sunaye na lambobi zalla, duk a cakuɗe, har na kwashe makonni ina raba na biki da na suna.

Mun yi sa'a ne cewa faifan yana juyawa kuma kwamfuta tana ganinsa. Da ƙas-ƙas yake yi a kai a kai, alamar allura ta lalace ko ta kasa gane matsayinta, da babu manhajar da za ta yi amfani, sai dai ƙwararrun da ke buɗe faifai a wurin da aka tace iskarsa, kuma kuɗinsu kan ninka na sabon faifai sau da yawa. Wani mai gyara ya ba ni shawarar in sa shi a firiza ya kwana, wani kuma ya ce zai kwance murfin ya duba mini a kan teburinsa, ga shi lokacin hunturu ne ƙura ko'ina. Na gode musu duka, na riƙe abina, domin sanyin firiza raɓa yake tarawa a kan farantai idan an fito da shi.

Fayilolin muryar kakata bakwai ne, shida sun fito lafiya lau. Na bakwai, inda take lissafa sunayen kakanninta, ya faɗa kan wurin da allurar ta goge, don haka akwai daƙiƙoƙi kaɗan da murya ke yankewa tsakanin suna na huɗu da na shida. Na kai wa Baffa ya saurara, ya sa aka maimaita masa wurin sau biyu, sannan ya faɗi sunan da ya ɓace, na rubuta shi a takarda na ajiye kwafinta tare da fayil ɗin a wurare uku.