Fiton tsirkiyar E ya tafi, a bayan dandamali na samo maganinsa

'Yan uwa masu koyon bayolin, wato gogen Turawa, yau dai sai ku taya ni murna. Fiton nan da tsirkiyar E ke yi mini duk sa'ad da na tsallako daga tsirkiyar A da ke kusa da ita a ja ɗaya na bakan gogawa, ya ɓace. Wanda ya sha fama da shi ya san takaicin: kiɗa na tafiya lafiya lau, maimakon E sai wata siririyar ƙara ta tsaga maka kunne. Na ƙara ƙaro a gashin baka, na rage, na goge tsirkiya. Har tsirkiya mai ruwan zinariya na saya, kuɗin da har yau nake jin zafinsa, sai ma abin ya ƙaru.

Ga yadda aka yi. Daga wurin darasi na zarce zauren da okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, za ta yi wasa, da baƙaƙen kaya a jikina, akwatin bayolin a baya. Mai tsaron ƙofa ko kallon tikitina bai yi ba. "Malam, ka makara, biyo ni!" Ina bayani yana sauri, sai ga ni tsundum cikin makaɗa. Ashe wani suke jira ya maye gurbin ɗan uwansu da ba shi da lafiya. Wannan ya miƙo mini takardun kiɗa, wancan yana gaya mini inda zan zauna a sahun masu bayolin na biyu. Da na ɗaga tikiti sama, wurin ya ɓarke da dariya.

Wata dattijuwa cikinsu ta ce, "To ɗana, tunda ka shigo, fito da shi mu ji." Hannuna na rawa na ja daga A zuwa E, fiton kuwa bai ɓoye kansa ba.

Ta ce a lokacin fito tsirkiyar murɗewa take yi a kan kanta, ba ta kaɗawa gefe da gefe, shi ya sa sautin ke tashi can sama. Tsirkiyar E ta zallar ƙarfe mai santsi ta fi yin haka. Sai ta kama gwiwar hannuna ta nuna mini: in ɗan karkata bakan kaɗan daidai lokacin tsallakawa, in ɗora nauyin hannu a kan bakan kafin gashinsa ya taɓa E, kada in ƙara gudu. Ta kuma gano gindin manunina na hagu yana gogar tsirkiyar ban sani ba. Na sake ja, E ta fito tas. Wallahi sai da idona ya ciko da ƙwalla.

Na koma kujerar 'yan kallo daidai lokacin da mai obo, wani abin busa mai kama da algaita, ke busa sautin A, kowa na daidaita tsirkiyarsa da ita.

A gida na yi ta maimaitawa a hankali, babu fito. Idan na ƙara sauri yana ɗan leƙowa, musamman kusa da ƙarshen baka inda nauyi ke raguwa. Dattijuwar ta ce E mai naɗin alminiyam na rage matsalar, amma sai hannuna ya zauna tukuna zan canza. Akwai wanda ya gwada mai naɗin a cikinku? Ina son sanin ko tana dusasar da sauti.