Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kajin da Suka Ɗauke Ni Shirwa

A makon jiya na tsaya a inda na kwashi adashina, bayan na fita takaba, na sayi kajin ƙwai guda 50 'yan mako 6 daga wata gona da ke bayan gari. A cikin kwalaye muka ɗoro su a keke napep har gidanmu da ke Pantami. Ɗakin da marigayi yake ajiye buhunan masara na share, na zuba ɓuntun shinkafa a ƙasa, na sake su.

Ba a yi kwana biyu ba na gane akwai matsala. Da zarar na taɓa ƙyauren ɗakin, sai ka ji fuuu, duk sun watse, wasu na dukan bango, wasu na hawan juna a lungu. Kaskon ruwa ya kife, abinci ya zube. A rana ta uku autana ya shigo da gudu yana nemana, ƙyauren langa-langa ya bugu da ƙarfi. Suka taru a kusurwa ɗaya, na sama suka danne na ƙasa. Da na yaye su, guda 4 sun riga sun mutu, jikinsu da ɗumi. Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka sosai, domin waɗannan kajin su ne kuɗin makarantar yara uku.

A satin ne surukata ta zo daga Dukku duba jikokinta. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon yadda nake shiga ɗakin, hijabina yana kaɗawa, na sunkuya ina kai hannu daga sama zan cafko guda.

Ta ce, "'Yar nan, fito. Ke fa shirwa ce a wurinsu."

Na ce, "Inna, ni da nake ci da su?"

Ta ce, "Duk abin da ke cin ɗan tsako daga sama yake faɗo masa. Inuwarki ta rufe su, hannunki ya sauko, me kike so su yi?"

Daga baya na lura da gaskiyar maganarta a kajin gidan maƙwabta. Kukan da zakara yake yi idan ya hango shaho daban yake da wanda yake yi idan muzuru ne ya biyo ta ƙasa. Idanun kaza kuma a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, motsi kaɗan ba ya wuce ta. Ɗan tsakon da uwa ta kwanta wa kwana 21 ta ƙyanƙyashe, a tsakar gida yake tashi, cikin ƙarar turmi da hayaniyar yara, yana koyo daga uwarsa abin gudu da abin da ba na gudu ba. Nawa kuwa inji ne ya ƙyanƙyashe su, suka tashi cikin dubbai, hannun mutum bai taɓa su ba sai ranar allura ko ranar da aka cusa su a kwali.

Abu na farko da Inna ta sa na yi shi ne toshe kusurwoyin ɗakin da kwali, aka lanƙwasa shi ya zama babu lungun da za su cushe. Sannan ta ce kada na ƙara buɗe ƙofa sai na ƙwanƙwasa kwano da cokali sau uku, na yi sallama da murya ƙasa-ƙasa. Ta hana hijabi mai faɗi. Zani ɗaya da ɗankwali ɗaya na ware, da su kaɗai nake shiga.

Sai zama. Wannan ya fi komai wuya. Bayan la'asar nake ɗaukar kujera 'yar tsugunno, na zauna a tsakiyar ɗakin, ba na kama kowa, ba na ko kallonsu ido da ido. Nakan ja carbi, ko na tsince shinkafa a faranti. Kwana biyu suna manne da bango. A rana ta uku wata ja mai ɗan baƙi a wutsiya ta matso. Ta miƙa wuya, ta karkatar da kai tana kallona da ido ɗaya, ta ɗaga ƙafa ta riƙe a sama kamar mai shawara, sannan ta caki zoben hannuna ta ja da baya. Numfashi ma a hankali nake yi.

Gara ce ta ƙarasa aikin. Inna ta cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta sa babban ɗana ya kife ta a bakin suri a bayan unguwa. Da safe tukunyar ta cika. Na ɗebo a tafin hannu na shimfiɗa shi a ƙasa, ba a sama ba. Kaza ba ta iya haƙuri da gara. Ta farko ta ci, ta goma ta biyo, kafin mako ya ƙare suna hawa cinyata. Kaɗan nake ba su, don kada su ƙi abincin kamfani da ke gina musu jiki.

Kamu kuwa da magariba na koya, lokacin da ganinsu ya yi rauni sun lafa. Hannu biyu nake sa wa ta gefe, na haɗa fikafikan da jikinta, na jawo ta ƙirjina, tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinta. Sai ka ji zuciyarta tana bugawa da sauri a yatsunka, can ta sassauta. Ba na sakin kaza tana fizge-fizge, sai ta natsu nake sauke ta a kan ƙafafunta. Kullum biyar ko shida nake ɗauka. Har yau raina yana ɓaci idan na ga an rataye kaji kai a ƙasa a jikin babur ranar kasuwa, ko an riƙe su ta fiffike ɗaya. Shirun da suke yi a haka na wahala ne.

Da suka kai mako 9, malamin dabbobi ya zo da allurar ƙurajen kaji, ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, a cikin kula mai ƙanƙara. Wannan ba irin rigakafin Lasota ba ce da ake zubawa a ruwan sha, dole a riƙe kowace kaza a soka a fatar fiffike. Ya ce a kira yaran maƙwabta su taya kamu. Na ce ba sai an kira ba. Na ƙwanƙwasa kwano, na zauna a kujerata, ina miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Guda 2 ne kawai suka ƙi, kuma har suka tsufa ba su yarda da hannuna ba, na bar su da halinsu.

Wata maƙwabciyata ta ce mini sabo da kaza ba ya hana yanka. Na sani, amma jar nan mai baƙin wutsiya ban taɓa iya sa mata wuƙa ba. A mako na 19 na kai hannu kusa da ita, sai ta durƙusa ta ɗan buɗe fikafikai, tukkunta ya yi jajur. Na kira Inna a waya na gaya mata. Ta ce, "Nemo kwando ki zuba ciyawa, ƙwai ya kusa."

Kwana shida bayan nan na tsinci na farko, ɗan ƙarami, da ɗigon jini a ɓawonsa. Yadda na fara kai kiret tsohuwar kasuwa, da abin da ya shiga tsakanina da ƙanin marigayi a kan ɗakin kajin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.