Yau Marsandi ta bar gida

Da sassafe na fito da jaka na fara kwashe tarkacen da ke cikin motar da na ba wata ƙungiyar agaji kyauta, don mai janwe ya ce zai iso kafin tsakar rana. Tsofaffin rasidai, tabarau mai karyayyar ƙafa, cajar wayar da aka daɗe da dainawa, takalmin auta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin kujera. Na bar musu tayar ajiya da jak da littafin motar da makulli na biyu. Sannan na zauna gaban sitiyari na bi allon motar na goge adireshin gida da na wurin aiki daga taswira, na cire wayoyinmu da aka haɗa ta Bluetooth, har da lambobin da ta kwafe. Mutane da yawa kan manta da wannan, sai su miƙa wa baƙo mota da hanyar ƙofar gidansu a ciki.

Mercedes-Benz S350 ce ƙirar 2010, daga jerin da kamfanin ya yi tsakanin 2005 da 2013, wanda makanikai ke kira W221. Inji mai silinda 6, lita 3.5, giya 7 mai sauya kanta. Ta hannu na saye ta, kuma ta yi mini hidima yadda ya kamata. Fatar kujerun har yau ba ta tsage ba, in ka rufe ƙofa kuwa hayaniyar titi sai ta ɗauke. Sai dai irin waɗannan manyan motoci darajarsu na faɗuwa da sauri, kuɗin gyaransu kuma ba ya bin ta ƙasa. Tawa ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, jakunkunan iska ne da suke kira Airmatic, akwai famfon da ke hura su. Robar ta gaban hagu ta tsufa tana zubar da iska. In motar ta kwana biyu a ajiye sai ka tarar ta durƙusa ta wannan ɓarin, kamar raƙumi zai sauke kaya. Kana tayar da inji famfon zai hura ta ta miƙe, amma yana wahala, kuma wata rana shi ma zai ƙone.

Wani abokina ya ce in tayar da ita minti biyar kafin su iso, ba wanda zai gane. Ban yi ba. Na bar ta a durƙushe, na kuma rubuta takarda guda: jakar iska ta gaba na yoyo, murfin injin na tsattsafar da mai kaɗan, madubin dama ba ya naɗewa da kansa, tayoyin baya sun kusa ƙarewa. Na haɗa da fayil ɗin duk gyaran da aka taɓa yi mata a hannuna. Duk wanda zai saye ta daga ƙungiyar, da sunan ƙungiyar zai saya. In ya gano an rufe shi, su zai zaga, alhali ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Hajiyar da ke riƙe da ofishinsu ta iso tare da mai janwen. Aikinsu shi ne kai masu ciwon ƙoda wurin wankin ƙoda da dawo da su. Galibi sau 3 ake yi a mako, kowane zama wajen awa 4, mutum ya fito jiki duk a mace, wani ko tsayuwa ba ya iyawa sosai. Wanda ya tsallake zama ɗaya ruwa da guba ke taruwa masa a jiki, kuma sau da yawa rashin abin hawa ne kawai ke sa a tsallake. Na ga haka da idona a kan wani ɗan'uwana, shi ya sa da na yanke shawarar rabuwa da motar su ne suka fara zo mini a rai.

Ta zagaya motar, ta karanta takardata har ƙarshe, ta ce, "Malam, kamar yadda na faɗa maka a waya, ba za mu hau ta ba. Gwanjo za ta tafi."

Na ce, "Na sani, Hajiya. Amma wallahi da marar lafiya zai zauna a bayan nan, da ya ji daɗi."

Ta buɗe ƙofar baya ta nuna mini da hannu. Kujerar ta yi ƙasa, wanda ƙafafunsa suka kumbura da ƙyar zai tashi daga ciki. Keken guragu sai an naɗe an cusa a but. Mutum biyu ko uku kaɗai za ta ɗauka, tana shan man da bas ɗinsu zai kwashi ninkin haka da shi. Ranar da famfon iska ya tsaya kuma, kuɗin gyaran daga aljihun marasa lafiya zai fito. Gaskiyarta ce ɗari bisa ɗari. Har cikin raina na so in gan ta tana wannan aiki, amma sha'awata ce wannan, buƙatarsu kuwa mai ne da tayoyi da albashin direba.

Abin da na fi tsayawa a kai shi ne rabon kuɗin. A harkar ba da kyautar mota akwai kamfanonin tsakiya da ke talla da sunan agaji, su ja motar, su sayar, su cire kuɗin janwe da na gwanjo da na talla da ladansu, abin da ke isa ƙungiyar wani lokaci ɗan kaɗan ne. Don haka na tambaye ta kai tsaye wa zai sayar, kuma me za a cire. Ba ta ji haushi ba. Ta fito da yarjejeniyarsu da gidan gwanjon, na karanta: kuɗin janwe da kamasho ne kawai, sauran kai tsaye asusun ƙungiyar. Na ga takardar rajistarsu ma. Da ta yi ta kwana-kwana, da na sayar da motar da kaina na kai kuɗin wani wuri.

Muka zauna a kan takardu. Na sa hannu a takardar sauya mallaka, na tabbatar an rubuta sunan ƙungiyar a gurbin sabon mai ita. Ba a barin wannan gurbi fanko, domin muddin mota na ɗauke da sunanka, tara ko haɗarin da aka yi da ita kai za a nema. Ta ba ni rasidi mai lambar jikin motar, haruffa da lambobi 17 ɗin nan, da kwanan wata da kilomitar da ke kan allo. Na ɗauki hoton komai.

Mai janwen ya san aikinsa. Ya ce in tayar da ita in danna maɓallin da ke ɗaga jikinta, don kada ƙasan bamba ya gogi bakin tiren motarsa. Muka jira ta ɗago, ya hau da ita a hankali, ya ɗaure tayoyin huɗu da igiyoyi. Auta ta tsaya a ƙofa tana tambaya ko za a dawo da ita, na ce mata a'a, za ta taimaki masu ciwo irin na kawunta.

Da yamma na kira kamfanin inshora na soke tata, na kuma aika wa hukumar rajistar motoci sanarwar cewa ta bar hannuna. Hajiya ta ce gwanjon sai mako mai zuwa, kuma za ta turo mini takardar cinikin da adadin da ya shiga asusu. Na roƙe ta ta sa a liƙa takardar laifuffukan nan a gilashin gaba ranar gwanjon, ta ce da kanta za ta je ta duba.